Baffa Mai Nemo Ranar Hutu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Baffa, wan mahaifina, wanda ya riƙe ni tun ina 'yar firamare har ya aurar da ni, ya rasu da hantsin wata Talata a gidansa na Gyadi-Gyadi, bayan 'yar jinya. Kafin la'asar an kai shi makwancinsa.

Na zauna zaman makoki da yawa a rayuwata, na kuma san bambancin yabon da ake yi da zuciya ɗaya da wanda ake yi ana satar kallon juna. Na Baffa irin na biyun ne. Duk wanda ya shigo sai ya ce mutumin kirki ne, ba ruwansa da abin wani, sai ya ɗan yi shiru, ya ƙara da cewa Allah dai shi ne masanin zukata. Ladanin masallacinmu da aka ce ya faɗi abin da ya sani, cewa ya yi su dai zahiri suka gani. Wata maƙwabciyarmu ta ja ni gefe wajen randa ta tambaye ni ko ya samu cikawa da kalmar shahada. Na ce ya samu, ina riƙe da hannunsa. Ta ce alhamdulillahi, sannan ta zagaya ta sake tambayar ƙanwata.

Duk wannan bai dame ni ba kamar abin da ya faru a ɗakin Inna, matarsa. Kafin a fita da gawa, Yaya, babban ɗansu, ya shigo ya durƙusa ya ce ta yafe wa Baffa duk abin da ke tsakaninsu. Inna ta ce Allah ya jiƙansa. Yaya ya sake maimaitawa, yana tsammanin kuka ne ya hana ta ji. Ta sake cewa Allah ya jiƙansa, ta juya fuska bango. Matan da ke ɗakin suka sunkuyar da kai, amma na san kafin magariba maganar ta kai Unguwa Uku. Auren da ya haura shekara arba'in, an ɗauki miji an fita da shi, matarsa ba ta ce ta yafe ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan. Ba na so a tuna da Baffa da wannan shirun da ake yi bayan an yabe shi.

A gidan waya ya yi aiki har ya yi ritaya, a kantar da ake sayar da kan sarki. Yakan ce makarantarsa ta gaskiya ita ce wannan kantar, domin duk sabon kan sarkin da aka kawo da dalilinsa: ko wata ƙasa ta cika shekaru da samun 'yanci, ko ana tunawa da haihuwar wani babban mutum, ko hoton wani dutse ne ko tafki da gwamnati ke so duniya ta gani. Daga nan ya ɗauki ɗabi'ar da aka san shi da ita. Ba za ka gaishe shi da safe ka tsira ba sai ya tambaye ka ko ka san yau wace rana ce. In ka ce Litinin, sai ya girgiza kai don tausayinka, ya ce ai ko akuya ta san Litinin, tunda ranar ake ƙara hayaniyar motoci a titin Zariya.

Mu yaran gidan da wannan muka tashi. Kafin mu san hanyar unguwar Babban Giji da ke nan Kano mun san cewa a Lakwaja Kwara da Binuwai suke haɗuwa, kuma akwai ruwan ɗumi a dajin Yankari. Uku ga Agusta yakan tashe mu mu zuba wa darbejiyar ƙofar gida ruwa, wai 'yan'uwanmu na Nijar suna bikin 'yanci suna dasa itatuwa, bai kamata mu zauna haka nan ba. Inna takan ce ita ba ta ga abin da ya haɗa darbejiyarta da gwamnatin Yamai ba.

Abin dariyar shi ne, mutumin da ya san ranar haihuwar sarakunan duniya bai san tasa ba. Ɗaya ga Janairu aka rubuta masa a takardun aiki, kamar yadda aka rubuta wa kusan duk sa'o'insa, yakan ce in da gaske ne to unguwarzomomin lardin Kano sun sha wuya a rana ɗaya. Wataƙila shi ya sa bai taɓa manta ta wani ba. A gidanmu ba a bikin ranar haihuwa, amma duk shekara in tawa ta zagayo zan ga ƙullin tsire a kan littattafaina, ba tare da ya ce komai ba. Tsofaffin unguwa da za su yi katin ɗan ƙasa wurinsa suke zuwa ya lissafa musu shekaru. Sai ya tambayi tsohuwa ko tana da wayo lokacin da aka daina fam da sule aka koma naira, ko an yi mata aure a lokacin, daga nan ya fitar mata da abin da ba zai zama ƙarya ba. Wata ta taɓa roƙonsa ya rage mata biyar, ya ce ta je wurin mai rini.

Ƙarya ce dai ba ya iyawa, kuma ba ya yarda da abin da bai tabbatar ba. Da jikoki suka koya masa duba irin waɗannan labarai a waya, bai sakar mata jiki ba. Yakan ce waya kamar dillaliya take, sai ta kawo shaidu biyu. In ta faɗi abu sai ya jira ya ji a rediyo, ko ya duba tsofaffin kalandun da ya tara a saman kwaba. Ni na gado zargi daga riƙon Inna, shi kuma nasa zargin duk a kan kwanan wata ya ƙare, mutane kam yarda yake da su har ya ba ka haushi.

Rigimarsa da ladan a kan wannan ɗabi'a ta samo asali. Wata Juma'a bayan sallar asuba, ana zaune a ƙofar masallaci, wani ya tambayi dalilin da ya sa aka ba da hutu. Baffa ya yi bayani tiryan-tiryan: wannan ce Juma'ar da Kiristoci ke yi kafin Ista, ga abin da suka yi imani ya faru a cikinta, ga dalilin da ya sa ba ta tsayawa a wata ɗaya. Ladan ya ce ƙofar masallaci ba wurin wannan karatun ba ne. Baffa ya ce tambaya aka yi ya ba da amsa, kuma bai ga ladan ya ƙi cin hutun ba. Aka yi dariya, ladan bai yi ba. Sun daɗe suna gaisawa da ka kawai.

Ba wanda ya ɗauki abin da zafi sai da Baffa ya sauya a shekarunsa na ƙarshe. Da can kowane irin labari yana so, yanzu kuwa ba abin da yake nema sai ranar hutu. Kullum bayan asuba yana kan tabarma da waya da rediyo da kalanda, yana neman ƙasar da ba a zuwa aiki a ranar. In ya samu sai ka ga fuskarsa ta washe, ya shigo tsakar gida yana ba mu labari cewa a Japan har duwatsu an ware musu ranar hutu, haka ma ranar haihuwar sarkinsu. In bai samu da wuri ba kuwa, ko kokon da aka ajiye masa ba ya kallo. Mutum ya yi ritaya tun tuni, kullum hutu yake, me ya haɗa shi da hutun mutanen da bai taɓa gani ba? Kuma da zarar ya samu sai ya sa hula, ya tari a-daidaita-sahu, ba za a sake ganinsa ba sai wajen azahar.

Inna ta tambaye shi inda yake zuwa, ya ce Tarauni. Wurin wa? Ya ce amana ce. Ta ce ita ma ai amana ce a hannunsa. Ya ce haka ne, ya fita.

Sai magana ta fara dawowa gida. Mai shagon kusa da masallaci ya ce ya gan shi yana shiga wani gida a bayan kasuwar Tarauni, gidan da ke da gicciye a jikin ƙofa. Ba a daɗe ba wani ya rantse cewa ranar Lahadi ya gan shi a bakin coci da kayansa masu kyau. Aka tuno rigimarsa da ladan, aka tuno yadda ya san bukukuwan Kirista kamar shi ya tsara su. Aka kuma lura ya ɗauki yabon wani wuri mai suna Matsirga, inda ruwa ke zubowa daga kan dutse a kusa da Kafanchan, yana siffanta shi kamar a can aka yanke masa cibiya. Baffa bai daina zuwa sahun farko ba, amma mutane suka fara barin ɗan fili tsakaninsu da shi.

Na zo gida wata rana na tarar da Inna tana tankaɗe, idanunta sun yi ja. Na ce mata ko dai aure ya yi a ɓoye, don in sa ta dariya.

"Da mace ce ai da na huta," in ji ta. "Mace a duniya za ta tsaya. Ni tsorona kada mu tashi gobe kiyama in neme shi in rasa."

Na same shi a zaure na tambaye shi kai tsaye, domin ni ba na iya kewaye-kewaye. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce ko na san tafkin Chadi ƙasa nawa ya taɓa. Na ce Baffa ba wannan na tambaya ba. Ya ce ya sani, amma wannan ce yake da izinin amsawa. Na fita ina jin haushinsa, kuma gaskiya ban san abin da zan ɗauka ba. Haka ya kwanta ciwo, haka ya cika. Inna ta ji shahadarsa da kunnenta, amma ta ce harshe ya saba, ita inda ƙafarsa ke zuwa take so ta sani.

Ranar sadakar uku, Alhamis, da hantsi gida ya cika ana rabon gumba, sai wata dattijuwa ta yi sallama. Ɗaurin ɗankwalinta da ƙaramin gicciyen da ke wuyanta sun isa su sa tsakar gidan ya yi tsit. Na ga maƙwabciyar nan mai tambayar shahada ta gyara zama. Baƙuwar ta nemi a nuna mata matar marigayi, na kai ta ɗakin Inna. Ta durƙusa ta yi gaisuwa yadda ya kamata, ta ce daga Tarauni take, sai jiya labari ya same su. Inna ta amsa ba ta ɗago ba, sannan ta tambaye ta ko gidanta ne mai gicciye a ƙofa. Ta ce nata ne.

"To Mama, ki faɗa mini abin da mijina yake yi a gidanki. A gaban mutanen nan nake so ki faɗa."

Matar ta daɗe tana murza bakin zanenta kafin ta fara. Mijinta mutumin kudancin Kaduna ne, tare suka yi aiki da Baffa a kanta ɗaya tun suna samari, shi ne ma ya fara koya wa Baffa wasan tambayar dalilin kowane kan sarki. Bayan ritaya zumunci ya yi sanyi, sai gaisuwar salla da Kirsimeti. Daga baya ciwon mantuwa ya kama mijin. Ya manta sunayen 'ya'yansa, wani lokaci ita ma yakan tambaye ta ko baƙuwa ce. Abu ɗaya ya rage masa: kullum da safe sai ya sa kwat ya goge takalmi ya ce zai tafi gidan waya, kada ya makara. In an kulle ƙofa ya yi ta dukanta har hannunsa ya fashe. In an bari ya fita ya ɓace, an taɓa tsinto shi a Hotoro ƙafafunsa sun kumbura. Sun gwada ce masa ya yi ritaya, ya ce makirci ne ake so a kore shi. Sun gwada ce masa yau hutu, ya ce mace da yara me suka sani game da hutun gwamnati.

Wata safiya Baffa ya ci karo da shi a bakin titi, ya gane shi, ya riƙo hannunsa. An yi sa'a ranar ta ma'aikata ce, ɗaya ga Mayu. Ya ce masa yau ai ba aiki. Mutumin ya tambayi hutun mene ne, Baffa ya faɗa masa, ya yarda nan take, ya biyo shi gida ya cire kwat da kansa. Washegari ta roƙi Baffa ya dawo ya sake faɗa masa haka. Baffa ya ce zai dawo, amma ba zai yi wa abokinsa ƙarya ba, ko da ba zai gane ba. Shi ne ya koma nemo inda ake hutu da gaske a duniya, ya zo ya ce yau ana hutu a ƙasa kaza saboda kaza. Mijin ba ya tambayar ko hutun ya shafi Kano, dalilin kawai yake so ya ji, kuma daga bakin abokin aikinsa. Daga nan sai su sha shayi, Baffa ya sa shi ba da labarin ruwan Matsirga na garinsu, wanda shi kaɗai ne bai manta ba. Ranar Lahadi kuma ba ya yarda ya bi kowa sai Baffa, don haka shi ke raka shi har bakin coci, ya miƙa shi ga matarsa, ya zauna wurin mai shayi har a tashi.

Ta ce ita ta sa shi ya yi alkawarin ba zai faɗa wa kowa ba, har iyalinsa. Autarsu na da manemi a lokacin, ta ji tsoron dangin yaron su ce akwai hauka a gidan. An yi auren tuni, amma ba ta tuna ta ce masa ya saki alkawarin ba, shi kuma bai taɓa tambaya ba. Ba ta san abin da ake faɗa a kansa a Gyadi-Gyadi ba sai yanzu da ta ga yadda ake kallonta.

Na san halin Inna, labari mai daɗi shi ta fi zargi. Tana cikin auna matar ta ƙasan ido sai muka ji Yaya yana cewa Baba a tsaya, nan wurin mata ne. Ashe tare suka zo da mijin, ta bar shi a zaure. Ya ratso tsakar gida, dogon tsoho cikin kwat mai ruwan toka da ta yi masa yawa, takalminsa na ƙyalli, bayan hannunsa ɗaure da bandeji. Ya tsaya a bakin ƙofar ɗakin ya cire hula, ya gaishe da Inna da ladabi. Ya ce ya zo biyo wa abokinsa ne su tafi, sun makara, sai dai in yau ba aiki.

Matarsa ta rufe fuska da mayafi. Inna ce ta ɗago, karo na farko tun ranar Talata, ta dube shi sosai.

"Yau ba aiki, Baba," in ji ta. "Yau sadakar uku ce ta abokinka. Ya rasu."

Tsohon ya juya hular a hannunsa. Ya dube ta, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, irin kallon wanda ya gane an haɗa baki a kansa.

"Hajiya, ban ƙaryata ki ba," ya ce. "Amma zan jira in ji daga bakinsa. Shi ba ya yi mini ƙarya."

Ya ja kujerar da ke bakin ƙofa, wadda Baffa ke zama a kai yana sauraron rediyo, ya zauna ya ɗora hular a gwiwa.

A nan Inna ta fashe da kukan da ta riƙe tun ranar rasuwa. Ta sa aka kira Yaya, ta ce ya tsaya inda kowa zai ji, ta ce ta yafe wa Malam, mijinta, duniya da lahira, ita ce ma ke neman ya yafe mata, kuma a je a faɗa a ƙofar masallaci. Ladan ya aiko da cewa ai shi dama bai ce komai ba. Inna ta ce a gaya masa ta sani, shirun nasa ne ta ji.

Yanzu Inna na cikin takaba, ba ta fita. Rediyon da kalandun sun koma ɗakinta, ita da ta yi shekaru tana cewa tarkace ne. Kullum da safe kafin in wuce aiki sai na biya, jikoki sun duba mata waya, ita kuma ta ƙi yarda sai an kawo shaida ta biyu. Sannan ta faɗa mini ƙasar da dalilin, ta ce in kai wa Baban Tarauni, in ce matar abokinsa ce ta aiko ni, kada in ƙara ko kalma ɗaya da ba haka take ba, Malam bai yi ba.

Allah ya jiƙan Baffa, ya yalwata masa kabarinsa, ya karɓi shaidar da ta zo a makare, ya yafe mana abin da muka zata.

Baban Tarauni yakan saurare ni yana ƙanƙance ido. Wata rana ya yarda ya cire kwat, wata rana sai an sha fama. Amma ko ya yarda ko bai yarda ba, in Mama matarsa ta kawo shayi sai ya sa ta zuba kofi biyu. Jiya na miƙa hannu zan ɗauki na biyun, ya dafe shi da hannunsa mai bandeji, ya ce in yi haƙuri, wannan da mai shi.